Kashim Mai Bin Wutsiyar Jaki

Ku gyara zama, ga wata nan tafe, sai dai ba tatsuniya ba ce, domin mai labarin yana nan da ransa da lafiyarsa. In kun kama hanyar Watari kuka iso mararrabar nan mai darbejiya biyu, ku dubi gindin ta hannun dama. Za ku ga wani mutum ya ɗora kwamfuta a kan teburin da ƙafarsa ɗaya bulo ce, ya maƙala gilashin da ba na ciwon ido ba. Sunansa Kashim, amma ya fi son a ce masa Injiniya. Abin da ya kai shi gindin bishiyar nan fuloti ne, fulotin noman rani na yayarsa Kaltumi, wanda ta shekara goma sha ɗaya tana ciyar da 'ya'yanta da shi. Amma kafin mu isa ga fuloti sai mun bi ta kan jaki, don daga jaki abin ya faro.

Mahaifinsu, Malam Modu, jinin mutanen gabas ne da suka zo Kano fatauci tun zamanin kakanni, suka ga wurin zama suka zauna. Gonarsa tana bayan Bacirawa, a lokacin da in ka fita daga Bacirawa babu abin da idonka zai gani sai gero da gyaɗa. Gonakin wajen a manne suke da juna kamar haƙoran baki, shingen aguwa ne kawai ya raba ta wane da ta wane, burtali ya ratsa nan ya karkata can. Duk da haka ba a taɓa jin wani ya ɓata ba. Kowace gona da alamarta: ta gindin gawo, ta ɗorawa biyu, ta bakin tsohuwar rijiya. Yarinya 'yar shekara biyar za a ɗora wa ƙwaryar fura, ta kai wa babanta ba tare da ta tambayi kowa ba.

Ban da Kashim.

Malam Modu yana da jaki, wani fari-fari mai yagaggen kunne. Da rani aikin Kashim ne ya cika mangala da taki daga turken awakin gida da jujin bakin gari, ya kora jaki zuwa gona. To, kora dai a baki ne. Jaki ne a gaba, shi yana baya riƙe da wutsiya, idonsa a ƙasa yana shurin duwatsu. Jaki ya karya kwana, ya karya. Jaki ya tsaya, ya sauke taki. Shekara shida ana haka.

Kaltumi, da ta girme shi da shekara bakwai, takan ce masa, “Kashim, ka riƙa ɗaga kai kana duban hanya mana.”

Sai ya ce, “Yaya, wahalar me zan ɗora wa kaina? Ai jaki ya sani.”

Wata shekara jakin ya taka ƙusa ya kwanta, aka aro na maƙwabci. Shi ma jakin maƙwabci ya san hanya sarai, hanyar gonar ubangijinsa. Kwana tara Kashim yana bin wutsiya, yana juye takin ubansa a gonar mutane. Gawon da ke tsakiyar gonarsu, wanda ake hangowa tun daga bakin gari, bai taɓa lura babu shi a inda yake sauke kaya ba. A daminar nan geron maƙwabci ya yi zangarniya kamar damtsen ƙato, na Malam Modu kuwa ko kaza ta miƙa wuya sai ta ci. Da aka titsiye Kashim, ko kunya babu ya ce laifin jaki ne.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Ba su san Kashim ba ne.

Allah ya yi wa Malam Modu rasuwa, gari kuma ya taso ya cinye gonaki. Inda ake gero aka yanka filaye, aka kafa bulo. Aka sayar da gonar gado, Kashim ya sayi adaidaita sahu da rabonsa, ya shiga ɗaukar fasinja tsakanin Bacirawa da cikin gari. Hali zanen dutse. Dabararsa ita ce ya sami wani adaidaita a gabansa ya manne masa. Yawanci kuwa takan fisshe shi, tunda kowa hanya ɗaya yake bi. Sai ranar da ya ɗauko wasu mata uku da kwandunan alayyahu za su kasuwa, ya bi na gabansa, lungu ya ba lungu, har mutumin ya tsaya a ƙofar wani gida ya kashe inji. Ashe abincin rana ya zo ci. An ce zagin da matan nan suka yi wa Kashim, har mai gidan sai da ya fito da lomar tuwo a hannu yana ba su haƙuri.

Bayan shekara uku adaidaita ya zama gwangwani, ya sayar da shi ga 'yan gwangwan. A cikin wannan zaman banza ne ya riƙi babbar waya, ya gano Gugul. Jama'a, ranar nan Kashim ya sami jakin da ba ya cin harawa, ba ya taka ƙusa. Ka rubuta abin da kake so, ya jero maka, ka taɓa na sama, shi ke nan. Ya sayi tsohuwar kwamfuta da injin buga takarda, ya ɗauki jakarsa ya nufi ƙauyen da aka kai Kaltumi aure, kusa da Watari, domin ya ji an ce can babu mai irin wannan sana'a.

Kaltumi ta karɓe shi hannu bibbiyu. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu da fuloti rabin eka a bakin kanal na uku, magudanar da ruwan dam ɗin Watari yake bi ya iso ranar Talata da Asabar. Mace ce doguwa, mai kaushin hannu, ba ta san ko bihim a boko ba, amma ta san kowane ɓurɓushin ƙasa na fulotin nan. Ta san kusurwar da ruwa yake kwanciya, a nan take sa albasa. Ta san tudun da ke saurin bushewa, nan ne na attaruhu. Sauran duk tumatir. Irin ma ba ta saya, a bayan ɗakinta take yin fangali ta rene shi da kanta har ya isa dashe. Ta share zauren gidanta, ta shafe shi da farar ƙasa, ta ce wa ƙaninta, “Ga wuri nan, Allah ya sa albarka.”

Ya sa aka rubuta masa allo da jan fenti: Injiniya Kashim, Cibiyar Intanet. Injiniyan me? Oho. Ko kwan fitila ya mutu a zauren, sai ya jira wani ya zo wucewa.

Aiki kam ya samu. Masu duba sakamakon jarrabawa, masu cike fom na neman aiki, masu rajistar taki. Shafukan da yake shiga ba su fi biyar ko shida ba, kuma kullum su ne dai. Wani ma yakan buɗe shi sau talatin a yini. Amma a shekara huɗu da ya yi a zauren nan, ko sau ɗaya bai taɓa rubuta adireshin shafi ya tafi kai tsaye ba, bai kuma taɓa adana ɗaya ba. Sai ya rubuta sunan wurin a Gugul, ya jira jeri ya fito, ya danna na farko. Wanda ya gani da idonsa ya rantse cewa ko Gugul ɗin ma, in zai shiga, sai ya rubuta sunansa a akwatin sama, jeri ya fito, sannan ya danna shi. Mutum yana tsaye a tsakar gidansu yana tambayar ina ne gidansu.

Kada wani ya ce an matsa masa. Da yawanmu muna yin haka, kuma ba zunubi ba ne mutum ya tambayi hanyar da ya sani, don kasala ko don sauri. Amma mai hankali in an nuna masa ƙofa yakan ɗaga kai ya duba ko ita ce. Kashim ba ya dubawa. Kuma da a ce ya tsaya a nan da sauƙi. Sai ya mai da kasalarsa ilimi, yana raina wanda bai yi irinta ba.

“Adireshi na 'yan koyo ne,” haka yake faɗa wa masu zaman benci, yana kaɗa ƙafa. “Mu da muka san kan abin, suna kawai muke bugawa. Na sama shi ne na gaskiya. In ba shi ba ne, me ya kai shi sama?”

Manoman da suke kawo masa aiki kuwa, ƙauyawa yake ce musu, a gabansu, da murmushi. Dattijo zai cire takalmi a ƙofar zaure ya yi sallama, Kashim ba zai ɗago ba sai ya gama kallon abin da yake kallo. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

To, ga yadda tsarin fulotin yake. Manoman kanal ɗin suna da ƙungiya, kuma kowace shekara bayan kaka duk mai fuloti sai ya sabunta rajista. Wanda bai yi ba har ranar da aka yanke, an ɗauka ya saki, sai a ba na farko a layin masu jira. Layin kuwa dogo ne, don mutanen wajen Ungogo da gidaje suka cinye musu gonaki nan suke kwararowa neman inda za su sa fartanya. Na farko a layin a shekarar shi ne Malam Hamisu, maƙwabcin Kaltumi, mutum mai kunya, shekararsa shida yana jira yana yi wa wasu ƙodago.

Shekara uku ana rajistar a intanet, Kashim yana yi wa yayarsa, ba a sami matsala ba, tunda na sama shi ne daidai. A ta huɗu sai magatakardan ƙungiya, Malam Yahya, ya tara mutane a gindin mangwaron ofis ya yi musu bayani dalla-dalla. Ya ce wanda ya gina musu tsohon shafi ya bar gari da mabuɗinsa, an neme shi an rasa. Shafin yana nan a buɗe kamar kangon gida, kana iya shiga ka ajiye kaya, amma babu mai zuwa ɗauka. An gina sabo, kore ne, da hoton albasa a goshinsa. Ya raba wata 'yar takarda ruwan ɗorawa mai ɗauke da adireshin, ya ce a rubuta shi harafi bayan harafi kamar yadda yake. Ya ce za a rufe ranar Alhamis ta ƙarshen wata da la'asar, kuma bana babu alfarma, don bara alfarma ta jawo rigima. Aka ce wa ya yarda, kowa ya ɗaga hannu, har da Kaltumi.

Ta ƙulle takardar a bakin mayafinta, ta kawo wa Kashim da hantsi. Ta same shi yana karyawa da ƙosai.

“Kashim, ga takardar rajista. Malam Yahya ya ce wannan rubutun za ka sa, ba na da ba.”

Ya karɓa da yatsu biyu, ya juya ta gaba da baya, ya shimfiɗa ta a kan tebur ya ɗora ƙosansa a kai.

“Yaya, shi Malam Yahya yaushe ya fara koya wa mutane kwamfuta? Mutumin da da yatsa ɗaya yake danna waya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa?”

“Ni dai abin da ya ce na faɗa maka. Ya ce tsohon ya mutu.”

“Intanet ba ya mutuwa. Zauna ki ga aiki.”

Ya goge hannu a wando, ya rubuta sunan ƙungiya, jeri ya fito, ya danna na sama. Kaltumi ta sunkuyo tana kallo. Ba ta iya karatu ba, amma Allah ya ba ta idon gane wuri.

“Wannan ai shuɗi ne, irin na bara. An ce kore, mai albasa.”

Ya yi dariya har da buga tebur. “Albasa! Yaya, miya za mu yi ko rajista? Fenti ne kawai. Ke dai kawo lambar fulotinki.”

“Arba'in da uku. Kashim, ka duba takardar nan dai.”

“Na duba.”

Bai duba ba. Man ƙosai ya riga ya ratsa takardar. Ya cike fom, ya danna, injin ya turo takardar shaida, ya miƙa mata yana hura hanci kamar wanda ya haƙa dam ɗin da hannunsa.

Bayan kwana biyu Kaltumi ta haɗu da Aina'u a wurin niƙa. Aina'u malamar firamare ce, mijinta yana da fuloti a kanal ɗaya da Kaltumi, ita ta yi masa rajista a wayarta. Ta ce, “Yaya Kaltumi, saƙo ya shigo miki? Mu muna gamawa aka turo mana cewa an karɓa.”

Babu saƙon da ya shigo wayar Kaltumi. Ta koma zaure.

“Matsalar sabis ce,” in ji Kashim, bai ko ɗago ba. “Ƙaramar wayar nan taki ai sai a hankali.”

Aka kwana huɗu, ta sake komawa. Ya ce mata saƙo ba shi ne rajista ba, takarda ce rajista, ga ta kuwa a hannunta da tambari. Ya ƙara da cewa in ba ta yarda da aikinsa ba ta faɗa masa kawai, ya san ba a daraja ɗan gida.

Nan ya kama ta. Sauran manoma shida da suka yi rajista a wurinsa, da suka ji zancen saƙo, kowa ya sulale ya je an sake masa a wani wuri, ba wanda ya gaya masa. Aina'u ma har gida ta zo ta ce, “Kawo lambarki in sake miki, ko minti biyar ba za a yi ba.” Kaltumi ta dubi ƙofar zaure. In ta yarda, gobe gari zai ɗauka cewa ko yayarsa da ta ba shi wuri ba ta amince da aikinsa ba, wa zai ƙara taka zauren? Ta ce, “Bar shi, Malama. Ya ce ya yi. Ciki ɗaya muka fito, ba zai cuce ni ba.”

Ai kuwa ba da gangan ya cuce ta ba. Shi dai bai ga dalilin ɗaga kai ba ne, kamar kullum.

Ta ci gaba da ban ruwan irinta safe da yamma. Fangali huɗu na tumatir, ya yi kore shar, ya kai tsawon tafin hannu, saura kwana kaɗan a cire a dasa.

Ranar Asabar da safe aka manna sunaye a bangon ofis. Kaltumi ta je da takardarta, ta roƙi wani ya duba mata lamba arba'in da uku. Mutumin ya bi da yatsa, ya tsaya, ya dube ta, ya sake duban bango.

“Inna, Hamisu aka rubuta a nan.”

Ta ninke takardarta. Ta juya ta taka har gida, ta tsaya a ƙofar zaure.

“Tashi. Ɗauko kwamfutarka.”

“Yaya, ina da mutane a...”

“Kashim, tashi na ce.”

Tun yana yaro bai ƙara jin wannan muryar ba. Ya tashi.

Ofishin ɗaki ɗaya ne, ga mutane cike a baranda. Malam Yahya ya karɓi takardar shaidar, ya sa tabarau, ya yi salati a hankali.

“Hajiya Kaltumi, wa ya yi miki wannan?”

“Ga shi nan. Injiniya.”

Yadda ta faɗi kalmar sai da wani a baranda ya yi tari don ya ɓoye dariya.

Malam Yahya ya juya takardar ya nuna wa Kashim samanta. “Malam Kashim, karanta min shekarar nan.”

Shekarar bara ce, an rubuta ta da manyan lambobi, ko daga bakin ƙofa ana gani.

“Wannan kuskurenku ne,” in ji Kashim. “Ni shafinku na shiga. Na rubuta sunanku, shi ne ya fito a sama. Kowa ya zo ya gani.”

Ya buɗe kwamfuta a kan teburin magatakarda, ya rubuta, jeri ya fito. Ya nuna na farko da alfahari. Malam Yahya ya sa yatsa a ƙarƙashinsa, ya sauko layi ɗaya, ya sauko na biyu.

“Wannan na ukun fa? Me aka rubuta?”

Sabuwar rajista, da shekarar bana. Tazararsa da inda Kashim ya danna ba ta kai faɗin yatsu uku ba.

“To me ya sa ba ku sa shi a sama ba?” in ji Kashim. “Ƙungiya guda ba ta iya hawa sama ba, sai a ce laifina ne?”

“Shi ya sa muka raba takarda. Ina takardar?”

Kaltumi ta kwance bakin mayafi. Ashe ta tsince ta daga ƙarƙashin teburinsa tun ranar. Ta shimfiɗa ta, mai ya mai da ita kamar gilashi, amma rubutun yana nan.

“Bismilla,” in ji Malam Yahya. “Shiga mu gani, ko don gaba.”

Mutane suka matso har suna tare haske. Kashim ya gyara gilashi, ya kwafi adireshin harafi bayan harafi. Ya gama. Maimakon ya tafi kai tsaye, ashe a cikin akwatin tambaya ya zuba shi. Jeri ya sake fitowa. Kafin kowa ya yi magana hannunsa ya riga ya danna na sama. Shuɗin shafin nan ya buɗe, ya cika fuskar kwamfuta.

Baranda ta ɗauki dariya. Wani tsoho har da zama a ƙasa yana riƙe ciki, yana cewa, “Wayyo, a kawo masa albasa ko zai gane!”

Kaltumi kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa a gaban tebur, mace mai jikoki.

“Malam, shekara goma sha ɗaya. Ban taɓa fashin yashe kanal ba, ban taɓa satar ruwan wani ba. Iri na nan ya isa dashe. A dubi marayun nan.”

Malam Yahya ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. “Hajiya, tashi don Allah, kin girmi wannan. Wallahi da ni kaɗai ne da na yi. Amma kina wurin aka ce babu alfarma, da hannunki a sama. Malam Hamisu ya sa hannu tun jiya. In na karɓe na ba ki, mutum ashirin da shida ne a bayansa za su ce a bisa wace doka. Abin da zan iya, in sa sunanki a layi.”

Ya buɗe littafi ya rubuta ta. Ta ashirin da bakwai.

Ta miƙe, ta karkaɗe gwiwa, ta dubi ƙaninta sama da ƙasa.

“Takin Baba ma haka ka yi da shi. Shi dai jakin yana da uzuri, gidan ubangijinsa ya nufa.”

Suka kamo hanyar gida, tana gaba yana biye, kwamfuta a hammata. Yana ta magana, wai zai rubuta ƙorafi, wai akwai inda ake kai ƙara, bari ya je ya bincika. Ita dai tafiyarta take. Ba ta bi gajeriyar hanyar bakin kanal da suka zo ta ita ba, sai ta zaga ta titin mota. Shi bai ma lura an canza hanya ba. Da suka iso mararraba mai darbejiya biyu ta tsaya cak, har ya kusa karo da bayanta.

“Ka ga nan? Nan ne wurinka. Duk wanda bai san inda za shi ba, nan yake tsayawa. Za a kawo maka teburinka kafin azahar.”

“Yaya, zauren fa?”

“Zauren Kaltumi ne. Ka tambayi Gugul ya nuna maka wani.”

Kafin azahar kuwa aka turo tebur da benci da allon jan fenti a baro. A wajen saukewa ƙafar tebur ɗaya ta karye, shi ne aka tokare da bulo.

Da yamma Malam Hamisu ya yi sallama a ƙofar gidanta, ya tsuguna nesa, ya kasa haɗa ido da ita. Ya ce bai san fulotinta za a ba shi ba sai da ya ga lamba. Ya ce shi ko iri bai tanada ba, don bai sa rai ba. Ya yi ta kewaye-kewaye, har ita ta gaji ta yanke masa.

“Malam Hamisu, rabonka ne, ba ka ƙwace ba. Irin nan in ya ƙara kwana biyar a fangali ya lalace. Ka turo a kwasa.”

Ranar dashe ta je da kanta, ba wanda ya kira ta. Ta tarar ya ja layin tumatir har cikin kusurwar da ruwa yake kwanciya. Ta ce masa ya tuge, nan ta albasa ce, tumatir ruɓewa zai yi. Ta nuna masa tudun attaruhu. Ta sunkuya ta dasa layi biyu da hannunta don ya ga tazarar, sannan ta wanke hannu a kanal ta tafi, ba ta waiwaya ba. A ranin nan ita da manyan 'ya'yanta ƙodago suka yi a fulotan mutane, tsinkar tumatir da cirar albasa. Zauren kuma ta cika shi da buhunan taki da kwandunan iri, don yanzu renon iri take yi tana sayar wa masu fuloti. Layi yana tafiya a hankali. Bana ita ce ta goma sha tara.

Ba ta daina aika masa da tuwo ba, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke. Amma ko kwano za a karɓo, ba ta yarda ya wuce bakin zaure.

Shi kuwa yana nan a gindin darbejiya, yana gaya wa duk wanda ya zauna a bencinsa cewa hassada ce ta fitar da shi daga cikin gari, kuma har gobe ƙungiyar ce ba ta iya aiki ba. Kwanan baya wani direba da ya ɗauko kwandunan tumatir wofi ya taka birki a gabansa, ya leƙo ta taga.

“Malam, don Allah wacce ce hanyar dam?”

Hanyar tana bayan Kashim. Motocin tumatir suna fitowa daga cikinta ɗaya bayan ɗaya, ruwa yana ɗiga daga kwandunansu, shekara biyar ke nan yana ganinsu. Ya gyara gilashi, ya jawo kwamfuta gabansa.

“Dakata,” ya ce, “bari in duba maka.”